Yadda jirgin ƙasa ke sauya layi ba sitiyari, da maganar masauyin da ke aiki da kansa

Ɗan'uwa ka tambaya wai tunda jirgin ƙasa bashi da sitiyari me ke karkatar dashi daga wannan layi zuwa wancan, kuma da gaske ne akwai wani ƙarfe da ake sawa a dogo wanda yake sauya layi da kansa ba wutar lantarki ba mutum a wurin? Eh akwai shi, kuma na shekara da shekaru ina kwance shi ina ɗaurawa, amma bari na faro maka daga ƙasa don in ba haka ba abin zai rikice maka.

In ka tsuguna ka duba ƙafar jirgi zakaga ba sumul take ba, tana da wani leɓe ta ciki da ya zarce ƙasa da saman dogon, wannan leɓen shi ne sitiyarin jirgi gaba ɗaya, duk inda gefen dogo ya bi dole ya bi. Toh a wurin da layi ya rabu biyu sai a sa wasu dogwayen ƙarafa guda biyu da aka fiƙe bakinsu har suka zama siriri kamar wuƙa, mu muna ce musu harsuna, ana haɗa su da sandunan ƙarfe a tsakani domin su riƙa tafiya tare. In harshen dama ya manne da dogon dama, na hagu ya ja baya ya bar rata don leɓen ƙafa ya wuce, jirgi sai ya bi hagu, in aka juya su ya bi ɗaya hannun. Shikenan fa, wannan shi ne masauyi. Tafiyar da bakin harshen yake yi ma ba wata mai yawa bace, a Ingila kamar santimita 11 ne, wasu ƙasashen Turai su ɗan fi haka, amma wannan ɗan taƙin shi ke raba jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane da faɗawa rami.

Akwai abu ɗaya da sai ka riƙe shi sannan zaka gane sauran. Jirgi yana iya zuwa ma masauyi ta fuska biyu. Ko dai ya zo ta gaba, wato yana fuskantar bakin harsunan, layi ɗaya zai rabe masa biyu, ko kuma ya zo ta baya, daga ɗaya cikin rassan biyu zai fita zuwa layi guda. Zuwa ta gaba shi ne mai haɗari domin a nan ne in harshe bai manne sosai ba leɓen ƙafa zai iya kutsawa tsakanin harshe da dogo, ƙafar dama ta bi hanya ɗaya ta hagu ta bi wata, jirgi ya sauka ƙasa. Zuwa ta baya kuwa da sauƙi, ko da harsunan ba a wajen jirgin aka saita su ba, leɓen ƙafa yana da ƙarfin da zai ture su ya buɗa wa kansa hanya in dai ba a kulle suke ba. Duk wani masauyi mai aiki da kansa da zan faɗa maka, a kan wannan turewar aka gina shi.

Wanda ya fi shahara shi ne mai sifirin. Ana ɗaura wani ƙaton sifirin a jikin sandar da ke jan harsunan, aikinsa kawai ya riƙe su a hannu ɗaya kullum. Jirgin da ya zo ta gaba ko da yaushe hanya ɗaya zai bi, ba zaɓi. Wanda ya zo ta baya daga ɗaya reshen kuma ƙafafunsa su ture harsunan, sifirin ya matse, jirgi ya wuce, sifirin ya mayar dasu inda suke. Inda yake da amfani ƙwarai shi ne layi guda ɗaya tal da jirage ke zuwa da dawowa a kai, sai a yi wani ɗan wuri a tsakiya da layin ya zama biyu don su gifta juna. Sai a saita sifirin na wannan baki ya riƙa tura mai shigowa hagunsa, na can bakin shi ma ya riƙa tura nasa mai shigowar hagunsa, kaga kenan kowa ya shiga nasa layin, in sun gifta kowa ya ture na gabansa ta baya ya fita. Ba ma'aikaci, ba waya, ba batir. A Jamus akwai su da yawa a ƙananan layukan karkara, jiragen cikin gari masu bin titi ma suna amfani dasu a ƙarshen layi inda jirgi ke juyowa, haka a tsaunukan Sikotilan tun shekarun 1980 aka sa irin wannan a tashoshin da ba kowa, nasu da matsin iskar gas da mai yake aiki maimakon sifirin na ƙarfe amma dabarar ɗaya ce, kuma aka ƙayyade gudu a kansu mil 15 a awa, kamar kilomita 24 kenan.

Toh amma sifirin shi kaɗai baya isa, kuma nan ne na fi son mutane su tsaya su duba. Ka ɗauka jirgi mai tarago talatin ne zai wuce, kowace ƙafa ta ture harshe, tana wucewa sifirin ya buga shi ya koma, ta gaba ta sake turewa, haka ɗari da wani abu a wucewa ɗaya, ai kafin wata shida bakin harshen ya farfashe. Shi ya sa ake haɗa masa wani tulu mai fistin a ciki cike da mai, kamar shakazoba ta mota ko irin abin nan da ake sawa a saman ƙofar ofis don kar ta bugu. Lokacin turewa akwai bawul da ke buɗewa mai ya wuce da sauri ba ya hana komai, lokacin komawa kuwa bawul ɗin ya rufe sai dai man ya riƙa tsiyaya ta wata 'yar ƙaramar huda, don haka harsunan su tsaya a buɗe har jirgi ya gama wucewa sannan su koma a hankali cikin 'yan sakan. In ka tsaya kusa zakaji bayan taragon ƙarshe ya wuce wuri ya yi tsit, kana kallon harshen yana matsowa sannu sannu, sai can dab da ƙarshe ya yi saurin rufewa kaji ƙas, ya manne. Wannan ƙas ɗin nake jira duk ranar da naje dubawa, in ban ji shi da kyau ba na san ko mai ya ragu ko wani abu ya tokare. Kuma man nan yana da ruwa da yanayi, da sanyi ya yi kauri komawar ta yi nawa, da zafi ya tsinke ta yi sauri, dole a riƙa saita hudar.

Babban haɗarin mai sifirin guda ɗaya ne kuma wallahi na ganshi da idona. Wani direba yana jan taragu yana fita ta baya, kan jirgin da taragu biyu sun wuce, sai aka tsayar dashi saboda wani abu a gaba, ya tsaya masauyin yana ƙarƙashin tarago na uku, daidai tsakanin ƙafafun gaba da na baya inda ba ƙafar da ke riƙe da harshe. Cikin wannan tsayuwar sifirin ya yi aikinsa ya mayar da harsunan. Shi kuma da aka ce ya ɗan ja baya sai ya sa ribas. Ƙafafun bayan taragon suna kan reshen da suka fito, na gaban kuma da suka dawo sai suka tarar an juya hanya suka bi ɗaya reshen, tarago ɗaya a kan layi biyu, bai yi mita goma ba ya karkace ya sauka a kan tsakuwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba don a hankali yake tafiya, amma mun kwana a wurin da jak muna ɗagawa. Na'urar bata yi laifi ba, abin da aka gina ta ta yi shi ta yi. Shi ya sa dokar duk inda ake amfani da ita take cewa in ka fara turewa kar ka kuskura ka yi baya sai ka gama fita gaba ɗaya, in kuma dole ne, ka sauko ka juya liba da hannu ka gani da idonka tukuna. Haka 'yan ƙananan kekunan da masu gyaran dogo ke turawa, basu da nauyin da za su matse sifirin, ƙafarsu sai dai ta hau kan harshen ta faɗo, su ma sai an juya musu da hannu.

Akwai ɗan'uwansa mai dutse, wato liba ce da aka ɗaura mata wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kai. Wani irin an yi shi yadda ƙafa za ta ɗaga nauyin kaɗan ya sake faɗowa inda yake, kamar mai sifirin kenan. Wani irin kuma in aka ture shi nauyin zai haye tsakiya ya faɗa ɗaya gefen ya zauna can, masauyin ya tsaya a hannun da jirgin ya fito, don haka ko ya yi baya hanyarsa zai koma. Wannan na biyun shi ya dace da filin da ake haɗa taragu ana gaba ana baya duk yini, sai dai ba a yarda dashi a babban layin fasinja.

Na san abin da ke ranka mai yiwuwa wani ne daban, wato a sa wani ɗan ƙarfe a gefen dogo can nesa, jirgi ya taka shi ko direba ya sauko da wata sanda ta buge shi, shi kuma ya ja harsunan ya zaɓa wa jirgin hanya. An yi ta ƙirƙiro irin wannan tun ƙarni na 19, kuma a ramukan haƙar ma'adinai inda ƙananan taragu ke tafiya kamar tafiyar mutum yana aiki. A babban layi ne bai karɓu ba, kuma a ganina daidai ne da bai karɓu ba. Jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a sakan ɗaya, in ya daki ƙarfe da wannan gudun ai ba turawa ya yi ba, guduma ya buga masa, sannan harsunan da nauyinsu ya kai ɗaruruwan kilo basa tashi nan take. Abin da ya fi wannan muni ma, in dutse ya maƙale harshen bai rufe ba, wa zai faɗa wa direba, kuma ko an faɗa masa ina filin birki? Jiragen cikin gari su suka samu mafita don su a hankali suke tafiya kuma direba na ganin harshen da idonsa, da can akwai wani ɗan makunni a jikin wayar sama, in direba ya wuce ƙarƙashinsa yana jan wuta masauyi ya juya hannu ɗaya, in ya saki wuta ya gangara ya bar shi ko ya juya ɗaya hannun, yanzu kuma jirgin ne ke aika saƙo zuwa wata na'ura da ke binne a titi. Duk da haka zakaga direban na ɗauke da sandar ƙarfe a ɗakinsa don ranar da abin ya ƙi.

Kaga a wannan sana'a matsar da harshe ba shi ne aiki ba, kulle shi da tabbatar da cewa ya kullu shi ne aikin, kuma kusan duk dabarun da aka yi cikin shekara ɗari da hamsin a kan wannan suke. Da aka fara tattara libobi a ɗaki ɗaya mutum ɗaya na ja, sai aka ga yana iya ba jirgi sigina ya taho alhali hanya bata saitu ba, shi ne John Saxby a Ingila ya yi rajistar dabararsa a 1856 ta sarƙe libobin da juna, a irin da aka inganta daga baya, a ƙarƙashinsu akwai wasu sanduna masu tsaga da 'yan ƙarafa da ke shiga tsagar, ta yadda libar sigina ba za ta jawu ba sam sai libar masauyi tana inda ya kamata, in kuma ka ja ta sigina ta masauyin ta kafe ko ƙato goma ne ba za su motsa ta ba. Bayan haɗarin jirgin da aka yi a Armagh ta arewacin Ireland a 1889 da mutum 80 suka rasu, majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta wannan sarƙewar a layukan fasinja tare da birki mai kama kansa.

Sai sakata. A bakin harsunan akwai sanda mai huda ko tsaga biyu, ɗaya ta hannun dama ɗaya ta hagu, da wani ƙarfe da ke shiga ciki kamar sakatar ƙofa. In harshe bai kai ƙarshe ba hudar ba za ta zo daidai ba, sakata ta ƙi shiga, libar ta ƙi ƙarasawa, sigina ta ƙi bayuwa. Kuma don kar mai liba ya zare sakatar jirgi na kan wucewa sai suka shimfiɗa wata doguwar sanda a jikin dogo ta ciki wadda dole sai ta ɗago sama kafin sakata ta zaru, tsawonta ya fi duk tazarar da ke tsakanin ƙafafun tarago, saboda haka muddin jirgi na wurin akwai leɓen ƙafa a kanta yana danne ta. Ni har yau wannan dabarar tana burge ni, nauyin jirgin da kansa ne ke hana a yi masa ɓarna. Hatta mai sifirin akwai irin da ake yi wa sakata, ƙafafun farko da suka shigo ta baya su ɗan lanƙwasa tsakiyar harshen, wannan lanƙwasar ta ja wata sanda ta zare sakatar kafin su iso baki. In kana son ka san abin da juyawar masauyi a ƙarƙashin jirgi ke haifarwa ka duba Eschede a Jamus a 1998, ƙarfen da ke zagaye da ƙafar jirgi ne ya tsinke, ƙafar da ta sauka ta daki masauyi ta juya shi jirgin na gudun kusan kilomita 200, bayan tarago ya bi wani layi ya daki ginshiƙin gada, mutum 101 suka mutu.

Jan masauyi da sanda daga nesa shi ma da nasa ciwon kai. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, sanda mai tsawon mita 300 in zafi ya ƙaru da digiri 30 za ta ƙara kusan santimita 10, kusan duk tafiyar harshen kenan, wato rana kaɗai ta isa ta buɗe maka masauyi. Maganin sai a yanke sandar a tsakiya a sa wasu 'yan gwiwoyi biyu da ke juya tafiyar, rabi na turawa rabi na ja, miƙewar wannan ta cinye ta wancan. Duk da haka a Ingila basu yarda a wuce yadi 350 ba, don bayan nan ƙarfin mutum baya kaiwa kuma sandar na yin wasa.

Wannan iyakar ce ta kawo inji. Akwai masu aiki da matsin iska irin na kamfanin George Westinghouse, jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan da New York sun daɗe suna amfani dasu don suna da sauri, akwai masu matsin mai, amma yawanci yau ɗan injin lantarki ne da giya a cikin akwatin ƙarfe a gefen dogo. In ka buɗe murfin kana kallo zakaga abu huɗu yake yi a jere cikin 'yan sakan, ya zare sakata, ya tura harsuna, ya mayar da sakata, sannan wasu siraran sanduna da ke haɗe da kowane harshe daban su taɓa makunni su kai rahoto cewa wannan ya manne wancan ya buɗe. Akwai kuloci a ciki da ke zamewa in abu ya tokare don kar injin ya ƙone, akwai kuma hannu da ake zurawa a juya in wuta ta ɗauke, kuma zura shi kaɗai yana yanke wutar injin don kar ya tashi ya karya maka hannu. Doguwar sandar nan ta jikin dogo kuma an maye gurbinta da dabarar William Robinson ta 1872, ana sakin 'yar wuta kaɗan a dogayen biyu, ƙafafun jirgi da sandar ƙarfen da ke tsakaninsu su haɗe su, na'ura ta gane akwai jirgi ta hana injin motsi. A layukan masu tsananin gudu harshen yana da tsawo sosai har sai an jera masa wuraren turawa da yawa, kuma tsinin da dogaye biyu ke giftawa shi ma ana sa shi ya riƙa motsi don kar a bar rata ko kaɗan, a Faransa akwai inda jirgi ke karkata a kai da gudun kilomita 220.

Wani abin sha'awa da ban so na tsallake, akwai wanda ba abin da ke motsi a cikinsa sam. A jiragen hawa dutse da igiya ke ja, biyu ne ɗaya na hawa ɗaya na sauka, wani injiniya ɗan Suwizalan Carl Roman Abt ya yi dabara a ƙarshen ƙarni na 19, kowane jirgi ƙafafunsa na gefe ɗaya suna da leɓe biyu sun rungume dogo, na ɗaya gefen kuma faffaɗa ne ba leɓe. Wannan jirgin ya rungumi dogon dama wancan na hagu, in an zo wurin giftawa kowa dogonsa ya ja shi gefensa, faffaɗar ƙafar ta bi ta kan komai ta wuce. Sai dai jirage biyun nan kaɗai zai yi wa aiki.

Ko wane iri ne dai, abin da ke kashe mutane yawanci ba babba bane. A Potters Bar ta Ingila a 2002 notinan sandunan da ke riƙe harsuna biyu ne suka kwance, mutum 7 suka rasu, a Grayrigg ta Ingilan a 2007 ma sandunan ne suka lalace aka rasa mutum ɗaya. Shi ya sa in naje dubawa bana fara wa da inji, sifana nake ɗauka na bi kowane noti, sannan na ciro geji, ɗan falle ne na ƙarfe, na sa shi tsakanin harshe da dogo na ce a juya. A ƙa'idar Ingila in aka sa mai kaurin milimita 3.5 dole sakata ta ƙi shiga, in ta shiga toh masauyin nan ƙarya yake faɗa wa mai sigina, kuma ba jirgin da zai bi ta kansa sai an gyara. Daga nan sai faranten da harsunan ke zamewa a kai, a kankare tsohon giris a shafa sabo kaɗan, don in ka labta da yawa a wuri mai rairayi yashi ne zai manne ya zama kamar sanfefa ya riƙa cin ƙarfen, a wuri mai ƙanƙara kuma sai an sa abin ɗumama dogo in ba haka ba ta daskare tsakanin harshe da dogo. Mai sifirin ya fi kowa jin wannan, don injin lantarki in ya ji tauri yana da sauran ƙarfi kuma zai kai ƙara, shi kuwa ƙarfinsa iya na sifirin ɗin ne, shi ya sa ake sa masa fitila a gabansa wadda bata kamawa sai harshe ya manne, direban da ya zo ya tarar bata kama ba dole ya tsaya ya sauko ya duba da ƙafarsa kafin ya taka.